Rijiya da Guga: Waƙar Abota In An Ce a Yi Ta

Akwai wata buƙata da malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu suka saba miƙa wa duk wanda aka san yana taɓa rubuta waƙa, a Dakoro da sauran garuruwan jihar Maraɗi. In bikin ƙarshen shekarar karatu ya gabato, ko za a yi taron sasanta manoma da makiyaya, ko gidan rediyo na neman abin cike shiri, sai a ce masa: a yi waƙa kan abota da zaman lafiya, baiti ashirin, a kawo ta kafin Juma'a. Wani ya karɓa da murna, wani ya karɓa don kunyar wanda ya roƙe shi. Akwai kuma mai ƙi, yana cewa waƙa ba tuwo ba ce da za a ce a tuƙa ta da la'asar a ci da magariba. A ganinsa waƙar abota da aka yi don an ce a yi munafunci ne da aka sa wa amsa-amo.

Bai kamata a yi saurin watsi da wannan zargi ba. Abota tana cikin ƴan abubuwan da ba a yi wa mutum umurni da su. Ana iya tilasta wa mutum biyan bashi, ana iya sa shi ya gaida maƙwabcinsa, amma ba hukumar da za ta sa ya so wani don Allah. To in ita kanta abotar ba ta karɓar umurni, ta yaya waƙarta za ta karɓa? Daɗin daɗawa, mutanen Nijar sun san ɗanɗanon waƙar umurni. A zamanin mulkin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ta haɗuwa a gasar matasa ta ƙasa, kowace jiha da ƴan waƙarta da ƴan rawarta, jigogin kuwa sanannu ne tun kafin a hau dandamali: haɗin kai, aiki, ci gaban ƙasa. An sami waƙoƙi masu daɗi a ciki, waɗanda dattawa ke tunawa har yau. An kuma sami tarin waɗanda suka mutu tun kafin a naɗe tabarmin taro, don ba abin da ke cikinsu sai jigon da aka bayar, an jera shi baiti bayan baiti.

Sai dai tarihin waƙa bai goyi bayan mai ƙin ba gaba ɗaya. Littattafan sira sun kawo cewa a shekara ta 9 bayan hijira, da tawagar Banu Tamim ta zo Madina da mawaƙinta yana alfahari, sai aka aika aka kirawo Hassanu ɗan Sabitu don ya mayar da martani, ya kuwa mayar nan take, kuma ba wanda ya taɓa cewa waƙar tasa ƙarya ce don kiransa aka yi. A ƙasar Hausa ma haka abin yake. Mawaƙan fada irin su Narambaɗa ba su zauna jiran ilhama kafin hawan salla ba. Ranar ce ke kiransu. Marubuta waƙa na Kano da suka taru a ƙungiyar Hikima ƙarƙashin Mudi Sipikin sun yi waƙoƙi kan abubuwan da zamani ya ɗora musu, kuma a shekarun nan ne aka yi ta waƙa kan komawar tuƙi hannun dama a Nijeriya a 1972 da shigowar naira da kwabo a 1973. Tahamisi kansa, wanda malamai ke ji da shi, amsa kira ne: wani ya riga ya kafa baiti da karinsa da amsa-amonsa, mai tahamisi ya zo ya ƙara layi uku a kan kowane baiti ba tare da ya kauce wa hanyar da aka shata masa ba. Haka Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa. Aliyu Namangi kuwa karin Imfiraji daga kiɗan caji ya aro shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fara daga fili fetal.

Abin da wannan ke nunawa shi ne an daɗe ana rikita abu biyu, wato abin da ya tayar da mawaƙi da abin da mawaƙin ya ɗebo. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya a arewacin Dakoro, wajen Bermo ko Gadabeji, ya ga yadda ake ɗaura igiyar guga ga sa ko raƙumi, yaro ya kora shi ya yi nisa kafin wasaki ya iso baki. Guga daga waje yake zuwa, hannun mutum ne ke jefa shi, kuma sau da yawa ba mai rijiyar ke zaɓen lokacin ba. Ruwan kuwa na rijiyar ne. Buƙatar da malami ya miƙa wa mawaƙi guga ce. In akwai ruwa a ƙasa zai fito, in babu sai a jawo laka. Saboda haka tambayar da ta dace ba ita ce ko an roƙi mawaƙi ko ba a roƙe shi ba. Abin tambaya shi ne ko yana da aboki.

A nan ne maganar ta yi nauyi, domin abota ba kamar naira da kwabo ba ce, ba kuma kamar allurar rigakafi ba, da za a koya wa mutum bayaninta yau ya waƙe gobe. Masu hikimar Yunan, tun Aristo, sun raba abota uku: ta amfani, ta jin daɗi, da ta halin kirki, suka ce ta ukun ba ta samuwa sai da daɗewa da cin gishiri tare. Bahaushe ya yi nasa rabon ba tare da littafi ba. Yana da abokin tafiya, da abokin ciniki, da abokin wasa, da abokin cin mushe wanda ba a ɓoye wa wuƙa, sa'an nan yana da amini, wanda sunansa da amana tushensu ɗaya. Mata kuma suna da ƙawa, kuma wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, da Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya ga ƙawance da dokokinsa: ana ƙulla shi da kyauta, ana raya shi da biki, abin da ƙawa ta kai wa ƙawarta ranar suna ko aure sai ya dawo mata da ƙari in nata ya zo. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da suna da gida da ranar da aka fara. Abota a dunƙule, wadda ba ta kowa ba, ba a taɓa ganinta tana tafiya a kasuwa ba. Ita kuwa ce ake yawan roƙon mawaƙi ya waƙe, shi ya sa waƙoƙin taro kan fito kamar an zuba su a kwano ɗaya: abota zuma ce, abota haske ce, a riƙe juna, a bar gaba. Duk gaskiya ne, amma babu wanda ya ji su ya tuna da fuskar wani.

To mawaƙi ya sauko daga dunƙule ya kama mutum ɗaya. Nan ma sai ya ci karo da wata katanga, wadda ita ce ainihin matsalar ɗabi'a a wannan batu. Mafi kyawun abin da aboki ke yi wa abokinsa a ƙasar Hausa abu ne da ba a faɗi. Wanda ya aiko da damin hatsi da dare a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba, ya zaɓi dare ne don kada a gani. Wanda ya biya wa abokinsa bashi a shekarar yunwa ta 2005, ko ya karɓi iyalinsa lokacin da dabbobi suka ƙare a farin 1984, ya yi haka ne don rufin asiri, kuma rufin asirin shi ne rabin kyautar. In mawaƙi ya miƙe a gaban taro ya zayyana wannan, ya tona talaucin kansa, wannan nasa ne, yana da iko. Amma ya kuma tona abin da abokinsa ya rufe, ya mai da aikin da aka yi don Allah abin tafi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ga shi kuma yabo a bainar jama'a yana da ma'anarsa a al'ada: wanda aka yaba sai ya sa hannu aljihu. Tsakanin maroƙi da ubangidansa wannan ciniki ne sananne, ba abin kunya. Tsakanin aminai kuwa yabon kan sauya matsayinsu, ɗaya ya koma sama ɗaya ya koma ƙasa, alhali abota ba ta tsayuwa sai kafaɗa da kafaɗa.

Mai yiwuwa wannan ne ya sa waƙoƙin abota mafi ƙarfi a adabin wannan yanki marsiyoyi ne. Mutuwa tana ɗage kunya. Wanda ya tafi ba zai sunkuyar da kai ba in an yabe shi, ba kuma zai ba da tukuici ba, saboda haka ba mai zargin mawaƙi da kwaɗayi. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Muhammadu Bello, marsiya wajen 1855, bayan zaman tare na shekaru masu yawa tun daga wahalhalun hijira da yaƙi. Kafin nan ta yi wa wata maƙwabciyarta mai suna Halima, wadda ba sarauniya ba ce ba kuma shahararriyar malama ba, ta yabe ta da kyawun zama da mutane. Baffanta Abdullahi ɗan Fodiyo ma, a cikin Tazyinul Waraƙati, ya yi kukan abokan da yaƙi ya ɗauke masa. Har a Faransa, abin da Montaigne ya rubuta kan abota, wanda ɗaliban manyan makarantun Nijar kan haɗu da shi, bayan rasuwar amininsa La Boétie a 1563 ya rubuta shi. Su ma waɗannan an kira su ne, sai dai mai kiran ba ya karɓar uzuri.

Amma zai zama abin takaici a ce ba a iya waƙe aboki sai an binne shi. Al'ada ta buɗe wata ƙofa ga rayayyu, ita ce ba'a. Wasan taubasai da wasan da ke tsakanin ƙabilu, kamar Fulani da Barebari ko Gobirawa da Zabarmawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, hanya ce ta furta ƙauna a juye. Mutum ya kira abokin wasansa bawansa, ya ce masa mai haɗama, kowa ya yi dariya, kowa kuma ya gane cewa ba a faɗa wa baƙo haka. Waƙar abota da ta bi wannan hanya takan fi ta yabo gaskiya, don tana nuna kusanci ba tare da ta tona alheri ba. Wanda ya waƙe yadda amininsa ke ɓata hanya kullum in za su kasuwar Kornaka, ko yadda ya yi shekara goma yana alkawarin mayar da fartanyar aro, ya gaya wa masu sauraro cewa shekara goma suna tare kuma fartanya ba ta raba su ba. Sai dai ita ma ba'a tana da iyaka, kuma mawaƙin da bai san inda gyambon abokinsa yake ba gara ya bar ta.

Ƙasar Dakoro tana da wani abin da mawaƙanta ba su ci rabin amfaninsa ba. Gari ne da ke kan iyakar noma da kiwo. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta bi ta wannan yanki, wajen kwarin Tarka, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta. Hausawa da Fulani da Buzaye suna shan ruwan rijiya ɗaya, suna kuma saɓawa a kan burtali da ɓarnar gona. Jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda a watan Oktoba na 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Don haka in an ce a yi waƙar abota a wannan ƙasa, ba maganar ado ake ba. A cikin wannan zama ne kuma ake da haɓɓanaye, al'adar Fulani, musamman Woɗaaɓe, inda mutum ke ba abokinsa aron saniya ta zauna a garkensa har ta haihu sau biyu ko uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma ga mai ita. Makiyaya sun san cewa saniyar haɓɓanaye ta fi sauran shanu samun kulawa, domin amanar wani ce. Akwai kuma tsohuwar hulɗar manomi da makiyayin da ke sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki, a yi musayar nono da hatsi, har ƴaƴansu su gaji sanin juna. Waɗannan abota ce mai ƙafa huɗu, ana ganinta, ana ƙirga ta, kuma ba asiri ba ce, don kowa a rugar ya san saniyar wane ce. Mawaƙin da ya bi saniya ɗaya daga ranar da aka kawo ta zuwa ranar da aka mayar da ita ya waƙe amana da haƙuri da rabuwa, ko da kalmar abota ba ta fito a baitinsa ko sau ɗaya ba.

Akwai darasi na daban a labarin Abu Hayyan Attauhidi, marubucin Bagadaza na ƙarni na 4 bayan hijira. Waziri Ibn Sa'adan ne ya nemi ya tattara masa abin da aka faɗa kan abota da aboki. Ya fara, sai al'amura suka juya, aka kashe wazirin, aikin ya kwanta. Bai kammala littafin Assadaƙa was Sadiƙ ba sai bayan kusan shekara 30, yana tsoho, yana kukan cewa shi kansa ba shi da aboki. Littafin ya rayu shekara dubu, kuma abin da ya raya shi har da wannan ɗacin. Wato ko wanda rijiyarsa ba ta da ruwan daɗi yana da abin ɗebowa, in ya yarda ya faɗi abin da ya tarar. Yaron da aka ce ya yi waƙar abota alhali abokinsa ya tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya shekara uku ba labari, ko wanda amininsa ya ci amanarsa a kan kuɗin adashi, yana da waƙa, sai dai ba irin wadda mai shirya taro ke jira ba ce. Labarin ya kuma nuna cewa mai roƙo yana da ikon sa ranar farawa, ranar gamawa kuwa ba a hannunsa take ba.

Wannan ya dawo da magana kan masu jefa guga, wato malamai da shugabannin ƙungiyoyi, domin Hausawa sun ce rijiya ta bayar guga ya hana. Tun da aka fara gwajin koyarwa da harsunan gida a Nijar a 1973, har zuwa 2025 da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, yawan yaran da ke iya rubuta tunaninsu da harshen uwa ya ƙaru, kuma sau da yawa waƙar farko da yaro zai rubuta a rayuwarsa malami ne zai sa shi. In malamin ya rubuta "Abota" a allo ya koma ya zauna, ya jefa guga marar igiya. Yara arba'in za su kawo masa zuma da haske arba'in, kuma za su koyi cewa waƙa ita ce faɗin abin da babba ke son ji da kalmomi masu amo ɗaya. Wannan koyon ya fi rashin iya waƙa illa, don yana bin mutum har girma. In kuwa ya ƙuntata buƙatar, ya ce kowa ya tuna wani abu guda da yake hannunsa wanda na abokinsa ne, ko wata tafiya da suka yi su biyu, ko ranar da suka yi faɗa da wanda ya fara yi wa wani magana, to ya ba igiyar tsawo. Ƙuntatawa ba ta kashe ilhama. Marubutan da suka ɗaure kansu da amsa-amo ɗaya a baiti ɗari sun san cewa neman kalmar da za ta dace kan kai mutum ga ma'anar da bai san tana ransa ba.

Akwai kuma haƙƙin da ke kan mai roƙo bayan an kawo masa waƙar. Ba kowace waƙar abota ce ta dace da lasifika ba. Wata an yi ta ne don kunne ɗaya, kuma in yarinya ta ce ba ta son a karanta tata a gaban aji, ƙila ita ce ta fi kowa fahimtar jigon. Ya kamata a bar mata zaɓin sakaya suna, ko ta miƙa takardar ga wadda aka yi dominta, malami ya ba ta makinta ba tare da ya nemi sanin sauran ba. Haka nan alƙalan gasa a gidajen matasa da al'adu: in suka ci gaba da ba da kyauta ga waƙar da ta fi yawan ambaton zaman lafiya, za su ci gaba da samun irinta, mai saniyar aro kuwa zai koma gida da takardarsa a aljihu, shekara mai zuwa ba zai kawo ba.